Italiya: Ana So, Ana Kaiwa Kasuwa

A shekarar 2019 hukumar wani ƙaramin gari mai suna Sambuka, a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, ta yi shelar sayar da gidaje a kan farashin da ya fara daga yuro ɗaya, kuɗin da da ƙyar zai sayi kofin gahawa a can. Tsofaffin gidaje ne na dutse waɗanda masu su suka rasu ko suka yi ƙaura, magada kuma ba su da niyyar dawowa. Sharaɗin shi ne mai saye ya ajiye kuɗin jingina, ya gyara gidan cikin shekara uku. Masu saye suka yi ca daga Amurka da ƙasashen Turai, magajin gari ya tarbe su hannu bibbiyu. Garuruwa da dama a Sisili da Sardiniya sun bi wannan hanya, duk don a sake ganin fitila a tagogin da suka daɗe a rufe.

Lardin da Sambuka take cikinsa, wato Agirijanto, shi ne kuma yake riƙe da tsibirin Lampedusa, wanda ya fi kusa da Tunisiya a kan Sisili. A nan kwale-kwalen da suka taso daga Libiya da Tunisiya suke sauke mutane. A watan Satumba na 2023, waɗanda suka sauka cikin 'yan kwanaki sun fi mazauna tsibirin yawa, su kusan 6,000. A gaɓar wannan tsibiri ne jirgi ya nutse ranar 3 ga Oktoba 2013, mutum 368 suka mutu, yawancinsu 'yan Eritiriya. To, ga lardi guda: can tudu gidaje na neman mutane, nan bakin ruwa mutane na neman inda za su sa haƙarƙarinsu. Na daɗe ina juya wannan a raina, don a ganina duk matsalar Italiya tana cikin tazarar da ke tsakanin waɗannan wurare biyu.

Bari mu fara da lissafi, tunda shi ba ya son kai. A 1964 an haifi jarirai sama da miliyan ɗaya a Italiya. A 2008 adadin ya koma wajen 577,000. A 2022 ya faɗi ƙasa da 400,000, abin da bai taɓa faruwa ba tun haɗewar ƙasar a 1861. A 2024 an haifi kimanin 370,000, aka binne kimanin 650,000. Idan aka raba, kowace mace tana haihuwar 1.18, alhali sai ya kai 2.1 al'umma ke iya maye gurbin kanta. A Sardiniya ma bai kai ɗaya ba. Jama'ar ƙasar, waɗanda suka haura miliyan 60 a 2014, yanzu ba su kai miliyan 59 ba, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasar, ISTAT, ta yi hasashen za su koma ƙasa da miliyan 55 a 2050. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya kai shekara 65. Waɗancan miliyan ɗaya da aka haifa a 1964 za su cika shekara 67, shekarun karɓar fansho, wajen 2031, matasan da za su gaje su a wurin aiki kuwa da kaɗan suka wuce rabinsu.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce: ai sun guji aure, sun mai da karnuka 'ya'ya, sai su girbi abin da suka shuka. Ba zan musa cewa akwai sauyin ɗabi'a a ciki ba, marigayi Fafaroma Francis da kansa ya sha yi musu wannan faɗan. Amma duk wanda ya tsaya nan bai gama duba ba. Bataliye mutum ne mai son dangi, har makwabtansa na Turai suna tsokanarsa da maƙale wa uwa. Abin da ya ɗaure shi aljihu ne. Tsakanin 1990 da 2020 albashi a Italiya bai ƙaru ba idan aka cire tsadar kaya, raguwa ma ya yi, alhali na Jamus da Faransa ya hau. Aikin da matasa ke samu na kwantiragin 'yan watanni ne, wanda banki ba zai ba da bashin gida a kansa ba. Saurayi yakan kai shekara 30 kafin ya bar ɗakin iyayensa, mace takan wuce 31 kafin haihuwar fari. Gidajen renon yara sun yi ƙaranci, musamman a kudu, don haka mace da yawa sai ta zaɓa: ko goyo ko aiki. Matan da ke aiki a Italiya da kaɗan suka haura rabi, mafi ƙaranci a Tarayyar Turai. Ga kuma wata ɓaraka da ba a cika faɗa ba: a 2024 kaɗai 'yan ƙasa sama da 150,000 ne suka tattara kayansu suka bar Italiya, da yawansu matasa masu digiri. Ƙasar da ke kukan baƙi sun cika ta, 'ya'yanta ma ci-rani suke tafiya.

Gwamnati ta yi nata ƙoƙarin. Tun 2022 ana biyan iyaye alawus a kan kowane yaro, an kuma ƙara kalmar haihuwa a sunan ma'aikatar iyali. Duk da haka adadin sai ƙasa yake yi. Ko da ma an yi sa'a mata sun fara haihuwa gobe da safe, jaririn bana sai nan da shekara ashirin zai biya haraji, tsohuwar da ta karye a ƙugu kuwa yau take buƙatar mai ɗaga ta.

Wa ke ɗaga ta? A nan ne zancen baƙi yake shigowa. Akwai baƙi kusan miliyan 5.4 da ke zaune da takarda a Italiya, wajen kashi tara cikin ɗari na jama'a. 'Yan Romaniya sun fi yawa, sun haura miliyan, sai 'yan Albaniya da Maroko da Sin da Yukiren. 'Yan Najeriya ma sun haura 100,000. Akwai wata kalma da ba gidan da ba a san ta ba a Italiya, badante, wato mai jinyar tsoho da ke kwana a gidansa, ta yi masa wanka, ta ba shi magani, ta juya shi a gado. Kusan bakwai cikin goma na masu aikin gida da ke da rajista baƙi ne, akasari mata da suka baro nasu iyayen da nasu 'ya'yan a Moldoba ko Filifin ko Peru. Shanun da ake tatsa a yi cukun da Italiya ke alfahari da shi a duniya, 'yan Indiya mabiya addinin Sik ne ke kiwon da yawansu a kwarin kogin Po. A Monfalkone, inda ake ƙera manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, 'yan Bangaladash ne suka cika wurin walda. Tumatirin Fojiya da lemon Kalabiriya kuwa hannun 'yan Afirka ne ke tsinke su. A 2017 shugaban hukumar fansho ta ƙasar na lokacin, Tito Boeri, ya bayyana cewa baƙi masu takarda suna zuba wajen yuro biliyan 8 a asusun kowace shekara, abin da suke karɓa kuwa wajen biliyan 3 ne. Ke nan gumin baƙo yana cikin fanshon da ake kai wa tsohon Bataliye ƙarshen wata.

Shugabannin ƙasar sun fi kowa sanin wannan. Firaminista Giorgia Meloni ta hau mulki a watan Oktoba na 2022 bayan ta yi shekaru tana kiran a datse teku da jiragen yaƙi. Ministanta na noma, Francesco Lollobrigida, ya fito a 2023 yana gargaɗin kada a musanya Italiyawa da wata ƙabila. Gwamnatinta ta gina sansanoni a Albaniya da ɗaruruwan miliyoyin yuro don a tsare masu neman mafaka a wajen ƙasa, kotuna suka yi ta dawo da waɗanda aka kai. Amma wannan gwamnati ɗin ce ta amince a shigo da ma'aikata baƙi 452,000 tsakanin 2023 da 2025, ta sake amincewa da kusan 500,000 daga 2026 zuwa 2028. Masu gonaki da masu masana'antu da masu otal, waɗanda da yawansu su suka zaɓe ta, su ne suka matsa mata. Wannan shi Bahaushe ke cewa ana so ana kaiwa kasuwa. A dandalin siyasa a kushe baƙo don a sami ƙuri'a, a ofis kuma a sa hannu a takardar shigo da shi don kada gona ta mutu.

Da abin ya tsaya a baki biyu na 'yan siyasa da da sauƙi, ai ko'ina akwai shi. Illar ita ce wannan baki biyu ya shiga cikin doka. Dokar da ake kira Bossi-Fini, ta 2002, ta ɗaure takardar zama da kwantiragin aiki: wanda ya rasa aiki, in bai sami wani da wuri ba, takardarsa ta tafi. Tsarin shigo da ma'aikata kuma ya ginu a kan cewa mai gona ko mai tsohuwa a gida zai ɗauki mutumin da ke wata nahiya, wanda bai taɓa sa shi a ido ba, ya cike masa takarda ta intanet a wata rana guda da ake buɗe shafin, guraben su ƙare cikin 'yan mintoci. Wa zai damƙa mahaifiyarsa ga wadda bai taɓa gani ba? Abin da ke faruwa shi ne mutum ya fara shigowa ta kowace hanya, ya yi aiki a ɓoye, sannan a nemi yadda za a halatta shi. Shi ya sa lokaci-lokaci ake yin afuwa ta bai-ɗaya. A 2002, a ƙarƙashin gwamnatin Firaminista Berlusconi da ta kafa waccan doka mai tsauri, an ba wa mutum sama da 600,000 takarda a tashi ɗaya. 'Yan damfara su ma sun sami kasuwa, suna sayar wa talakan Bangaladash ko Maroko kwantiragin aikin da babu shi. Meloni da kanta ta kai ƙorafin haka gaban mai gabatar da ƙara kan 'yan Mafiya a 2024.

Mutumin da ba shi da takarda ba shi da baki. A gonakin kudu akwai ɗan kwangilar da suke kira kaporale, shi ke tara leburori da asuba, ya loda su a ruɓaɓɓiyar mota, ya cire kuɗin mota da na ruwan sha daga ladan da bai wuce yuro uku ko huɗu a awa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Leburorin suna kwana a bukkokin kwano da leda a wurare irin su Borgo Mezzanone da San Ferdinando, inda gobara ke tashi kusan kowane hunturu. A watan Agusta na 2018 haɗarin mota biyu a lardin Fojiya sun kashe leburori 16 'yan Afirka cikin kwana uku, suna dawowa daga gonar tumatir. A watan Yuni na 2024, kusa da garin Latina, inji ya cire wa wani ɗan Indiya hannu. Maimakon asibiti, sai mai gonar ya ajiye shi a ƙofar gida, hannun kuma a cikin akwatin 'ya'yan itace. Bayan kwana biyu ya cika. Akwai dokar da ta tsananta hukuncin wannan cin zali tun 2016, amma wanda ke tsoron a kore shi daga ƙasa ba zai je wurin 'yan sanda ba. Duk ƙasar da ta bar dubban mutane cikin wannan hali tana ci da guminsu, ta san abin da take yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun yara. A makarantun Italiya akwai ɗalibai sama da 900,000 da ba su da takardar zama 'yan ƙasa, kuma kusan biyu cikin uku a Italiya aka yanke musu cibi. Italiyanci ne harshensu, wasu ma da karin garin da suka tashi suke magana, ba su san wata ƙasa ba. Amma dokar 1992 jini take bi. Yaron da aka haifa a Milan ga iyaye baƙi sai ya cika 18 zai nemi zama ɗan ƙasa, cikin shekara guda, kuma sai ya nuna bai taɓa yanke zama ba. Ɗan ƙwallon ƙafa Mario Balotelli, wanda aka haifa a Palermo ga iyaye 'yan Gana, ya tashi a hannun Italiyawa, sai da ya jira wannan rana a 2008. Alhali har zuwa watan Maris na 2025, ɗan Ajantina ko Barazil da kakan kakansa ya bar Italiya shekara ɗari da suka wuce yana iya karɓar fasfo ko da bai iya gaisuwa da Italiyanci ba. A watan Yuni na 2025 an yi ƙuri'ar raba gardama don a rage shekarun jiran baƙo daga 10 zuwa 5. Jam'iyyun gwamnati suka ce wa mutane su zauna a gida, kusan kashi 30 cikin ɗari kawai suka fito, ƙuri'ar ta faɗi. Paola Egonu, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta jagoranci Italiya ta ci zinare a wasan ƙwallon raga na mata a gasar Olamfik ta 2024 a Faris. Aka zana hotonta a bango a Roma, kwana ɗaya wani ya zo ya shafe baƙar fatarta da fenti ruwan hoda. Ƙasar da ke haɗe makarantu saboda rashin yara, ga yara a cikin ajinta tana ce musu ba nata ba ne.

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Tsohon da ya ga unguwarsu ta sauya cikin shekara goma, ko leburan da ke ganin baƙo ya karya farashin aiki, tsoronsu na gaske ne, kuma zaginsu ba zai kawar da shi ba. Akwai baƙin da ke aikata laifi, har da ƙungiyoyin asiri na 'yan Najeriya da suka shiga fataucin ƙwaya da mata, kuma ɓoye wannan ba ya taimakon kowa. Sannan baƙi ba za su warkar da ciwon baki ɗaya ba, don su ma tsufa suke yi, matansu kuma da sun zauna sai haihuwarsu ta ragu, tunda haya ɗaya da albashi ɗaya ke cin kowa. Dole Italiya ta gyara abin da ya hana 'ya'yanta aure da haihuwa. Sai dai karya farashin aiki da laifin nan duka a cikin duhu suke yaɗuwa, kuma rashin takarda ne ke kawo duhun.

An taɓa gwada wata hanya. A 1998 jirgi ya kawo Kurdawa gaɓar Riyace, wani ƙauye a Kalabiriya da ya kusa zama kufai. Mimmo Lucano, wanda ya zama magajin garin a 2004, ya buɗe gidajen da aka bari ya zuba 'yan gudun hijira, makaranta ta sami yara, shaguna suka sake buɗewa. A 2018 aka kama shi, aka rushe shirin, a 2021 aka yanke masa ɗaurin sama da shekara 13. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke kusan duk tuhume-tuhumen a 2023, mutanen garin kuma suka sake zaɓensa a 2024. Shirin yana da rauninsa, domin da kuɗin gwamnati ya dogara, kuma ƙauyen da babu aiki ba ya riƙe baƙo kamar yadda bai riƙe ɗan gari ba. Amma ya nuna cewa gidan da ke neman mutum da mutumin da ke neman gida suna iya haɗuwa.

Italiyawa kuwa bai kamata a koya musu zafin baƙunta ba. Cikin shekara ɗari bayan 1876, sama da miliyan 25 daga cikinsu sun bar gida neman abinci. A 1946 gwamnatinsu ta ƙulla yarjejeniya da Beljiyam, ta tura maza haƙar kwal a madadin kwal. Ranar 8 ga Agusta 1956 gobara a ramin Marsinel ta kashe mutum 262, 136 daga cikinsu Italiyawa. Kakannin masu ƙuri'ar yau sun kwana a bukkoki a ƙasar wasu, an kira su da sunayen raini. Mu ma kafin mu ɗaga murya sai mu tuna cewa Gana ta kori baƙi a 1969, Hausawan zango na cikin waɗanda abin ya shafa, Najeriya ta rama a 1983, kuma har gobe yaron da aka haifa a wata jiha ana tambayarsa takardar asalin kakansa.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin hanyar ta ƙofar gidanmu ta bi. A 2016 mutum 181,000 suka shiga Italiya ta teku, 'yan Najeriya ne suka fi yawa, wajen 37,000, kuma kusan dukkansu ta Agadas suka ratsa zuwa Libiya. Matsin lambar Turai ne ya sa Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, wadda ta tura direbobi bin hanyoyin da babu rijiya, har gwamnatin soja ta soke ta a watan Nuwamba na 2023. Tun daga 2014 sama da mutum 30,000 ne suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum, ban da waɗanda rairayi ya rufe. Ina jin tsoron wani matashi ya karanta cewa Italiya na ƙarancin mutane ya ɗauka gayyata ce. Ɗan'uwa, buƙata daban, maraba daban. Wanda ya tsira daga hamada da gidajen yarin Libiya da teku, abin da ya fi yiwuwa ya tarar shi ne bukkar leda da motar kaporale.

Hanyar gaba tana nan, ko da yake ƙunci gare ta. Najeriya da Nijar da Gana da Sudan duk suna cikin jerin ƙasashen da Italiya ta ware wa guraben ma'aikata, kuma tun 2023 dokarta ta ba wanda ya sami horon sana'a da harshe a ƙasarsa, a ƙarƙashin shirin da aka amince da shi, damar shiga ba tare da jiran waɗannan guraben ba. Tunisiya ta zauna da su a shekarar ta samo wa 'ya'yanta gurabe 12,000 cikin shekara uku. Me ya hana namu shugabannin? Italiya na son iskar gas ɗinmu, tana son mu tsare mata hanya, ta kira shugabannin Afirka Roma a watan Janairu na 2024 ta yi musu alƙawarin yuro biliyan 5.5. Wanda ake nema yana da bakin ciniki. Ina kira ga ma'aikatun ƙwadago da na harkokin waje a Abuja da Yamai su nemi rubutacciyar yarjejeniya: a buɗe cibiyoyin koyar da walda da gini da jinya da harshen Italiyanci a Kano da Damagaram da birnin Benin, a bayyana sunayen masu ɗaukar aiki a fili, ofisoshin jakadancinmu su riƙa bin sawun duk wanda ya tafi. Iyaye kuma, kada ku sayar da gona ku miƙa wa ɗan kwangilar hamada kuɗin. In yaro ya ƙudurta tafiya, ku sa shi ya fara koyon sana'a, ya nemi takarda, ya shiga jirgin sama da sunansa na gaskiya.